Tsohon Phoenix da kuɗin adashe: yadda wani ɗan koyon ɗinki a Bauchi ya tayar da keken hawa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk mai fita aiki kullum ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta haura 600, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin Keke Napep ya bi sahu. Daga nan kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka fara fitowa, wasu ana hawa, wasu ana sayarwa.

Wanda wannan nazari ya shafa ɗan yayata ne, saurayi mai zama a Yelwa, yana koyon ɗinki a wani shago kusa da Kasuwar Wunti. Abin da maigidansa ke ba shi a yini, kusan rabinsa a kuɗin mota yake tafiya. Da ya kwashi adashe sai ya yanke shawarar sayen keke. Bai taɓa kwance ko da noti ɗaya a jikin keke ba. Kayan aikin da ke gidansu kuwa filaya ce, da sukudireba guda, da wata sifana mai lamba 14 da 15 da mahaifinsa ya bari. Zan kawo kuɗin a kashi-kashi maimakon naira, domin farashin kayan keke a 'yan shekarun nan ba ya kwana biyu wuri ɗaya.

Saye

Kekuna iri biyu ne suka zo daidai aljihunsa. Na farko ɗan gwanjo ne mai giya, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai, mai ƙafa inci 26. Na biyu tsohon Phoenix ne baƙi, mai ƙafa inci 28 da birkin sanda, na wani dattijo da ya daina zuwa gona. Ransa ya fi kwanta wa mai giya, kamar yadda ran kowane saurayi zai kwanta.

Ni na ba shi shawarar Phoenix, kuma har yanzu ina kan ra'ayina. Wannan ƙira ta Ingila ce tun asali, irin ta Raleigh da aka riƙa ƙerawa a Nottingham, daga baya masana'antun Shanghai suka ɗauka suka yi Phoenix, na Indiya suka yi Hero da Avon. Saboda ta daɗe a ƙasar Hausa, babu mai gyaran keke daga Bauchi har Darazo da bai san cikinta da bayanta ba, kayanta kuma suna rataye a kowace rumfa. Keke mai giya ya fi sauƙi a hawan tudu, babu musu. Amma ranar da mai sauya giyar ya lanƙwashe, neman irinsa na iya cin mako, sarƙarsa siririya ce mai saurin cinyewa, kuma sabon shiga ba zai iya daidaita ta da ido ba.

Kafin a yi ciniki mun duba abu ɗaya da kuɗi kaɗan ba ya gyarawa, wato gangar jikin keken. Keken da ya taɓa yin karo gaba da gaba yana barin shaida: fenti ya tattare ko ya tsage a ƙarƙashin bututun da ke gangarowa daga wuya, fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, kuma ya ja baya. Mun shafa wurin da yatsa, sumul yake. Sai yaron ya ciro zaren ɗinki daga aljihu, muka ɗaura shi a inda ƙafar baya ke shiga ta dama, muka zagayo da shi ta wuyan keken, muka dawo da shi ɓangaren hagu. Tazarar zaren da bututun sirdi ta zo daidai a ɓangarorin biyu, alamar keken bai karkace ba. Ba a taɓa yi masa walda ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, da mun bar shi ko kyauta aka ba mu.

An yi ciniki a kan kashi biyu cikin uku na kuɗin adashen. Aka rubuta takarda da lambar da ke buge a jikin ƙarfen, mai sayarwa da shaidu biyu suka sa hannu. Satar keke ba baƙon abu ba ne, kuma wanda aka kama da kayan sata a hannunsa shi ke fara kwana a ofishin 'yan sanda kafin a nemo ɓarawon.

Kashi ɗayan da ya rage shi ne duk kuɗin gyara.

Abin da ido ya gani, da abin da ke can ciki

Da aka turo keken gida, yaron ya zauna ya rubuta abin da yake so ya saya: fenti, sabon sirdi, madigadi biyu, ƙararrawa, riƙon roba na hannu, da tayar gaba saboda gefenta ya yi fari. Duk abin da ya rubuta, ido ne ya nuna masa. Na ce kafin ya kashe ko sisi, ya kai keken wurin wani dattijo mai gyara a unguwarsu, ya biya shi ɗan abin goro ya duba kawai, ban da gyara.

Dattijon bai ko kalli fentin ba. Ya kifa keken, ya kama ƙafar baya ya girgiza ta gefe da gefe, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya juya ta gaba ya ɗora yatsa a kan fok, ya ce boris ɗin ciki a bushe suke, ana jin gurzarsu. Ya kama feda biyu ya jijjiga, hannun hagu yana rawa a kan sandarsa. Ya ja sarƙa daga gaban babban faranti, ta taso har haƙori ya bayyana. Ya matse birkin gaba, babu komai, domin mai keken na da ya cire robobin.

Yaron ya ce, "Baba, tayar gaba fa? Ita ce ta fi tsufa."

Ya ce, "Ɗana, wannan rana ce ta dafa mata fuska, cikinta da sauran rai. Ta bayan da kake gani baƙa wuluk, an shafa mata mai ne. Saki iskar ka gani."

Da aka saki iska aka matsa gefen tayar, sai ga zaren ciki ya tsinke wuri biyu kusa da bakin rim. Da an hau ta da kaya, a hanya za ta fashe.

A nan ne lamarin ya juya, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya lura da shi. Cikin abubuwa shida da yaron ya rubuta, babu ɗaya da ke hana keke tafiya ko tsayawa. Abubuwan da suka mutu da gaske, wato sarƙa, tayar baya, boris da birki, babu ko ɗaya a takardarsa. Sabon shiga tsatsa yake gani, ba ya ganin ci. Tsatsar sama tana fita da samfefa da kananzir. Ƙarfen da ya cinye kuwa babu wankin da zai mayar da shi.

Aka yaga takardar farko aka rubuta wata: birki, tayar baya, boris da giris, sarƙa, sai kuɗin hannun mai gyara. Aka kuma raba aikin gida biyu, wanda yaron zai yi da kansa da wanda ke buƙatar kayan aiki da gwanintar da ba shi da ita.

Aikin gida

Wanki ya fara yi, da kananzir a gwangwani da tsohon buroshin haƙori. Madigadin da ya so ya zubar, da aka goge su aka buga lanƙwasar da katako, suka koma wurinsu. Sirdin fatarsa ce kawai ta yage, ƙarfen ƙasa lafiya lau, kuma ɗan koyon ɗinki ba ya rasa ƙyallen leda da soso.

Tayar gaba tana sacewa a hankali, kwana biyu ta kwanta. Ya ɗauka tiyub ne ya huje. Ya ciro shi, ya hura, ya tsoma a bahon ruwa, babu kumfa ko ɗaya. Matsalar a bawul take. Irin bawul ɗin waɗannan kekuna, wanda ake dangantawa da Dunlop, yana da wata 'yar siririyar roba a ciki da ke rufe ƙofar iska, kuma zafi na busar da ita ta tsage. Ɗan yawu a bakin bawul ya isa ya tona asiri, sai ka ga ya yi kumfa. Robar ba ta kai kuɗin ƙullin gyaɗa ba. Mutane da yawa sun sayi sabon tiyub saboda ita.

Tiyub ɗin baya yana da huji ɗaya na tsidau. Facinsa na farko bai kama ba, domin ya lafta sholisho da yawa ya manna nan take. Ka'idar ita ce a kankare wurin da samfefa ya fi facin faɗi, a shafa sholisho siriri, a bar shi kamar minti biyar har ya daina sheƙi, sannan a ɗora facin a danne da ƙarfi. Na biyun ya kama. Ya kuma ga babu ƙyallen da ke rufe kawunan sufok, wato wayoyin ƙafar keke, a cikin rim, sai ya yanko dogon zare daga wani mataccen tiyub ya zagaye. Ba don haka ba, kan sufok zai riƙa huda tiyub daga ciki, a yi ta zargin ƙaya.

Sayen taya ya kusa cinye masa kuɗi a banza. Ya samu wata ta gwanjo mai kyau da araha, an rubuta 28 a gefenta. Sai dai 28 iri biyu ce. Ta Phoenix da danginsa ita ce 28 x 1½, kuma idan aka duba da kyau za a ga lamba 635 a jikinta, wato faɗin bakin rim a milimita. Wadda ke zuwa a kekunan Turai na zamani, ko da an rubuta mata 28, lambarta 622 ce. Bambancin milimita 13 kawai, amma ba za ta hau ba ko da an kira ƙarti. Allah ya sa ya tafi da tsohuwar tayar a hannu, mai shagon ya gwada su baki da baki. Ya sayi sabuwa mai lamba 635, kuma ita kaɗai ta ɗauki kaso mafi girma a kuɗin gyaran.

Boris ne aikin da ya fi jin tsoro, kuma shi ne ya fi koya masa keke. Cibiyar ƙafa abu ne mai sauƙi idan an buɗe ta: sanda a tsakiya, kwano a kowane gefe, ƙwayoyin boris a cikin kwanon, wani noti mai tsini da ake kira kon yana danne su, noti yana kulle kon. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa don kada ƙwayoyin su gangare, ya kwance gefe ɗaya kawai, ya jera kayan bi da bi yadda suka fito. Wannan dabarar ta jerawa ita ke ceton wanda bai saba ba. A yawancin kekuna ƙafar gaba tana ɗaukar ƙwaya goma-goma masu girman 3/16 na inci, ta baya tara-tara masu 1/4, amma abin da ya fi shi ne mutum ya ƙirga waɗanda ya tarar, ya tafi da guda ɗaya kasuwa. A ƙafar baya ya tarar da takwas a gefe ɗaya, ɗaya ta farfashe ta zama gari a cikin busasshen giris. Kon ɗin wannan gefen ya yi ramuka, dole aka sake shi. Kwanon kuwa ya tsira, wanda shi ne babbar sa'a, domin da ya lalace sai an sake cibiyar gaba ɗaya an sake ɗaure sufok.

Ya so ya ƙara ƙwaya ɗaya sabuwa a cikin tsofaffin don tattali. Dattijon ya hana. Sabuwar ta fi tsofaffin girma ko da ido bai gani ba, ita za ta ɗauki nauyin duka ta fashe. Boris ba su da tsada, a sake su gaba ɗaya.

Ɗaure kon ne ke buƙatar haƙuri. In ya matse, ƙafar ta yi nauyi tana cin kanta. In ya saki, ta yi rawa. Ana neman wurin da ƙafar ke juyawa sakayau ba tare da motsi gefe da gefe ba, sannan a riƙe kon a ɗaure notin kulle a kansa. Sifanar gida ta yi kauri ga wannan wurin, sai ya aro siririya wurin dattijon da alkawarin mayarwa kafin magariba. Ya sha kwancewa da ɗaurewa kafin hannunsa ya gane.

Sarƙa kuwa sana'arsa ce ta taimake shi. Daga ƙusa zuwa ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, saboda haka tazara 24 a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ta wuce da 1/16 na inci, lokacin sauya sarƙa ya yi. In ta wuce da 1/8, ta riga ta ci haƙoran firiwil, wato ƙaramin farantin ƙafar baya, sabuwar sarƙa ba za ta zauna a kansu ba, za ta riƙa tsalle duk lokacin da aka taka da ƙarfi. Ya gwada da tef ɗin awo, na ce ya kawo rula ta ƙarfe domin tef na miƙewa. Tasa ta wuce 1/8. Wannan bai shiga lissafi ba, ga shi dole a sayi sarƙa da firiwil tare. Sarƙar keke marar giya mai faɗin 1/8 ce, ta mai giya ta fi ta siranta, kada a haɗa su.

Abin da aka kai wa mai gyara

Abu uku aka biya kuɗin hannu a kansu, kuma ina ganin kowannensu ya cancanta.

Cire tsohon firiwil na buƙatar ƙarfe na musamman ko gwanin bugu, ba aikin filaya ba ne. Wannan minti kaɗan ya ɗauka.

Hannun fedar hagu da ke rawa, 'yar ƙusar da ke riƙe shi da sandar tsakiya ce ta cinye. Yaron ya riga ya yi ƙoƙarin ɗaure notinta da ƙarfi, har haƙoran suka fara zamewa. Wannan ƙusa mai gefe ɗaya a fiƙe ba noti ke shigar da ita ba. Guduma ke shigar da ita, notin riƙe ta kawai yake. Dattijon ya tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa don kada bugun ya sauka a kan boris, ya fitar da tsohuwar da bugu ɗaya, ya ɗan goge sabuwar da zarto har ta zauna. Ya nuna masa cewa ƙusoshin biyu dole su kalli sashe daban-daban, in ba haka ba fedar ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Tun da an buɗe wurin, aka sake boris na tsakiya, goma sha ɗaya kowane gefe. A nan ma yaron ya ji cewa fedar hagu a juye take ɗauruwa, wanda bai sani ba yakan yi ta ɗaure ta yana zaton kwancewa yake.

Na uku shi ne miƙe ƙafar baya. Sufok biyu sun tsinke, rim ya karkace. A keke mai birkin sanda wannan ba maganar kyau ba ce, domin robobin birkin daga ƙasa suke jawo rim, in rim ɗin bai zagaye daidai ba birkin zai riƙa kamawa yana saki. Dattijon ya ɗaure sababbin sufok, ya bi sauran kwata-kwatan juyi, nan ya ɗaure can ya sassauta. Wanda bai iya ba in ya sa hannu a nan, karkata ɗaya takan zama uku. Ya faɗa masa gaskiya cewa rim ɗin ya taɓa dukan dutse, akwai ɗan lotsawar da ba za ta fita ba, amma zai yi tafiya.

Birkin yaron ya haɗa da kansa a gaban dattijon. Gidan robar birki a buɗe yake ta gefe ɗaya, a toshe ta ɗayan. Toshewar ce za ta kalli gaba. In aka juya shi, ranar da aka taka birki da ƙarfi rim zai fizge robar ya jefar. Ya yi gardama kan birkin gaba, wai abokansa sun ce shi ke kifar da mutum. Na ce masa, yawancin tsayuwar keke daga gaba take, domin nauyi can yake komawa idan an ja birki. Abin da ke kifar da mutum shi ne fizga, ba birkin ba.

Ya ce, "To Kawu, in na faɗi kai za ka biya kuɗin magani."

Na ce na yarda, aka saka.

Inda kuɗin ya tafi

Tayar baya ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gyara. Sarƙa da firiwil suka ci kusan haka. Ragowar ya rabu tsakanin boris, giris, kon, sufok, robobin birki, kayan faci da kuɗin hannun dattijon. Kuɗin ya ƙare kafin a kai ga famfon iska, sai da ya jira wata ya zagayo. A ganina famfon ya fi ƙararrawa muhimmanci, domin taya mai ƙarancin iska ita ke matse tiyub a bakin rim idan an faɗa rami, ta bar huji biyu gefe da gefe.

Wuri ɗaya ya yi tattalin da bai amfane shi ba. Robobin birki iri biyu ya tarar, ya ɗauki masu arahar. Araha ba ta ado: cikin 'yan makonni suka ƙandare suna ƙara, ba sa kamawa, ya sake sayen wasu. Wuri ɗaya kuma ya ƙi bin abin da kowa ke yi, ya yi daidai. Baƙin man inji da ake shafa wa sarƙa kyauta ne, amma cike yake da garin ƙarfe, ga shi yana kama ƙurar hunturu ya zama tamkar samfefa a cikin sarƙar. Shi man keken ɗinki yake ɗigawa a kowace gaɓa, ya goge na sama da tsumma. Man siriri ne, ba ya daɗewa, don haka duk mako sai ya sake, amma sarƙar tana nan fes.

In aka haɗa saye da gyara, abin da ya kashe bai kai kuɗin sabon keke ba, kuma da ya miƙa wa mai gyara aikin duka, kuɗin hannu kaɗai zai cinye abin da ya sayi sarƙa da shi. Sai dai kada a ɗauka kowane tsohon keke haka zai kasance. Wannan ya yi nasara ne saboda gangar jiki, fok, kwanukan cibiya da babban faranti duk sun tsira. Da biyu daga ciki sun mutu, lissafin ya kife, gara mutum ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin wani.

Bayan damina

Damina ce ta gwada aikin. Rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe, birki ba ya kama shi sai ƙafar ta yi 'yan juyi ta share ruwan, kuma yaron ya gane haka wata ranar Agusta da ya kusa shiga bayan wata Keke Napep. Tun daga nan in ana ruwa yakan fara jan birki tun daga nesa. Kon ɗin baya ya saki sau ɗaya, ya ɗaure da kansa, domin zuwa lokacin ya sayi siririyar sifana tasa. Ƙusar fedar ta nemi ƙarin bugu bayan makon farko, abin da dattijon ya riga ya gaya masa zai faru. Ya ɗaga sirdi zuwa inda ƙafarsa ke miƙewa idan ya ɗora dunduniya a kan feda, ciwon gwiwar da ya fara ji ya tafi.

Akwai abin da ya rage. Tayar gaba ta fara nuna zare, ita ce ta gaba a layi. Lotsawar rim ɗin baya tana nan, birkin na ɗan dukan hannu idan ana gangara. Ya manna abin ƙyalli a madigadin baya, amma fitilar gaba har yanzu tocilan ce ɗaure da roba, ga shi kusa da sallah sai dare ya yi nisa suke tashi daga shago. Kuɗin da zai kwasa a adashe mai zuwa ya riga ya raba shi: fitila, tayar gaba, in da saura a ajiye na rim. Fentin bai shiga ba a wannan karon ma.